Babi na Shida: Mutumin da Ya Ce "Na Yi"

Ranar Laraba, 26 ga Agustan 2015, aka gurfanar da mutum goma gaban kotun manyan laifuka a Njamena. Ranar Juma'a aka yanke musu hukuncin kisa. Kafin azahar ɗin Asabar an riga an harbe su a wani filin atisayen soja kusa da Massaguet, arewa maso gabas da birnin. Da farko an tsara shari'ar za ta ci kwana takwas, sai aka gaggauta ta, aka kuma ɗauke zaman zuwa wani wuri da ba a bayyana ba, bisa dalilan tsaro.

Duk wanda ya san halin da Njamena ta shiga a daminar wannan shekara ba zai yi mamakin gaggawar ba. Ranar 15 ga Yuni 'yan ƙunar baƙin wake suka afka wa hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da 'yan sanda, mutum 38 suka mutu. Bayan kwana biyu gwamnati ta haramta sanya niƙabi a faɗin ƙasar. Ranar 11 ga Yuli wani namiji sanye da kayan mata ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwa, ya kashe mutum 15. Birni ne da kasuwa ke riƙe da shi, fatake daga Maiduguri da Kano da Kusiri suna shige da fice, kuma ga shi an wayi gari kowa yana kallon na kusa da shi da ido ɗaya. Ranar 30 ga Yuli majalisa ta zartar da dokar yaƙi da ta'addanci mai ɗauke da hukuncin kisa. Cikin mutum goman nan akwai Mahamat Mustapha, wanda aka fi sani da Bana Fanaye, mutumin da hukumomi suka ce shi ya kitsa harin Yuni, kuma shi ke kula da safarar makaman Boko Haram tsakanin Najeriya da Kamaru da Cadi. Rabon ƙasar da zartar da hukuncin kisa tun 2003.

Da aka tashi daga kotu, babban mai gabatar da ƙara ya shaida wa manema labarai cewa waɗanda ake tuhuma sun amsa laifinsu, sun kuma karɓi hukuncin. Ga mafi yawan waɗanda suka ji wannan a rediyo, magana ta ƙare. Mutum ya ce ya yi, me kuma ya rage? Ni ma ba na zubar wa masu dasa bam a kasuwa hawaye, kuma wanda ya wanke gawar ɗan'uwansa bayan harin Yuli yana da haƙƙin ya yi fushi iya fushi. Sai dai zancen mai gabatar da ƙarar abu biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya. "Sun amsa laifi" labari ne game da abin da suka aikata a Yuni. "Sun karɓi hukunci" kuwa labari ne game da wani haƙƙi da suke da shi a ranar Juma'ar, wato kai hukuncin gaban wata kotu ta sama ta duba, kuma ana nufin sun bar shi da kansu. Wannan na biyun ne abin da babin nan ya dosa.

Amsa laifi tambaya ɗaya yake warwarewa: ko hannunsa na ciki? Kotun ɗaukaka ƙara tana da wasu tambayoyin da furucin mai laifi ba ya taɓa su. A wane ɗaki aka fara yin furucin, kuma bayan kwana nawa a tsare? Da wane harshe aka yi masa tambaya? Kotunan Cadi da Faransanci da Larabci suke aiki, alhali mutanen yankin tafkin da Kanuri ko Buduma ko Hausa suka tashi, don haka sau da yawa abin da ke cikin takarda maganar tafinta ce. Lauyan da aka naɗa masa ya samu lokacin zama da shi? Da wace doka aka hukunta shi, tunda an kai harin a Yuni, sabuwar dokar kuma ta zo a ƙarshen Yuli? Mutum goman nan nauyin laifinsu ɗaya ne, ko a cikinsu akwai mai tsarawa, akwai ɗan aike, akwai wanda ya ba da makwanci kawai? Mai yiwuwa ne amsar kowace tambaya ta gaskata hukuncin. Amma kotun sama ce ke rubuta irin wannan amsa, ta ajiye ta inda kowa zai karanta, kuma tsakanin yammacin Juma'a da safiyar Asabar babu kotun da ke zama. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna damuwa kan wannan saurin cikin kwanakin da suka biyo baya. Cadi ta shiga yarjejeniyar duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa a 1995, kuma sashe na 14 na yarjejeniyar ya ba duk wanda aka samu da laifi damar kotu ta sama ta duba hukuncinsa, sashe na 6 kuma ya ba wanda aka yanke wa kisa damar neman afuwa.

Batun ɗakin da aka yi furuci ba shaci-faɗi ba ne a Njamena. A Afrilun 2020 aka tarar da gawar mutum 44 a wani ɗakin tsare mutane na jandarmomi a birnin, cikin 58 da aka kamo daga yankin tafki bisa zargin Boko Haram. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar ta danganta mutuwarsu da yanayin da aka tsare su a ciki, na cunkoso da zafi da ƙishirwa. Mutumin da ya kwana biyu a irin wannan ɗaki zai amsa duk abin da aka karanta masa.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin haɗarin iƙirari, kuma abin sha'awa ne cewa mazhabar da ake bi a masallatan Njamena ita ce ake bi a Katsina da Sakkwato. A wajen Malikawa, wanda ya yi iƙirarin laifin haddi irin su zina yana da ikon janye maganarsa, ko da an kai ga fara zartar da hukunci, kuma janyewar tana kawar da haddin. Labarin Ma'izu sananne ne ga duk ɗalibin zaure: ya zo da ƙafarsa ya yi iƙirari, Manzon Allah (SAW) ya yi ta kawar da kai yana yi masa tambayoyi, har aka bincika ko da taɓin hankali ko maye a tare da shi. A wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari, Sayyidina Umar ya hori alƙali kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Wato sake duba hukunci ba baƙon abu ba ne da Turawa suka sauke mana daga jirgi.

Mun ga aikin wannan ƙa'ida da idonmu. A Maris ɗin 2002 wata kotun Shari'a a Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, bisa cikin da ta yi da kuma abin da ta faɗa a gaban alƙali ba tare da lauya ba. Babbar kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta. Sai ranar 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar, ta rushe shi, kuma cikin dalilanta akwai cewa Amina tana da haƙƙin janye iƙirarinta, kuma kotunan baya sun yi kuskuren hana ta. Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda aka yanke wa irin wannan hukunci, ita ma kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ce ta sallame ta a Maris ɗin 2002. Da an tambayi ɗayansu a ranar farko, cikin tsoro da kunya da idon jama'a, ko ta karɓi hukunci, ba na shakkar abin da za ta ce. Ga kuma waɗanda ba su ɗaukaka ba. Buba Bello Jangebe na Zamfara bai ɗaukaka ƙara ba, aka yanke masa hannu a Maris ɗin 2000 kan satar saniya. Sani Yakubu Rodi na Katsina, wanda aka tuhuma da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu, ya fara musantawa, daga baya ya amsa, ba shi da lauya, bai ɗaukaka ba, aka rataye shi a gidan yarin Kaduna ranar 3 ga Janairun 2002. Abin da ya raba shari'un nan huɗu, kafin a je ga wane ne mai gaskiya, shi ne biyu sun samu kotu ta biyu ta karanta takardunsu, biyu ba su samu ba.

Inda aka mayar da sarayar da wannan haƙƙi sana'a mai takarda da sa hannu ita ce Amurka. A can shari'a irin ta fim, da shaidu da masu taya alƙali yanke hukunci, ta zama abin nema. Kotun ƙolin ƙasar da kanta ta ambata a 2012 cewa kashi 97 cikin ɗari na hukunce-hukuncen samun laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a kotunan jihohi, daga amsa laifi suke fitowa. Mai gabatar da ƙara yana rage tuhuma ko ya yi alkawarin neman sassauci, wanda ake tuhuma kuma ya amsa. Ƙofar ɗaukaka ƙara tana rufuwa ta hanya biyu, kuma yana da kyau a rarrabe su.

Ta farko ita ce wadda ke rufuwa da kanta, ko ba a rubuta komai ba. Tun 1973 kotun ƙolin ta yanke cewa amsa laifi a bainar kotu yana yanke igiyar duk abin da ya gabata: kamun da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, binciken gida ba da izini ba, tambayoyin da aka yi ba lauya. Misalin da ya fi kusa da mu ɗan gida ne. Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan wani sanannen gida na Funtuwa, ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamban 2009. Jami'an tsaro sun yi masa tambayoyi a asibiti yana fama da ƙuna, an ba shi maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, kuma ba a fara karanta masa haƙƙinsa na yin shiru ba. An nemi kotu ta yi watsi da waɗannan maganganu, mai shari'a ta ƙi. A rana ta biyu da fara sauraron shari'ar, 12 ga Oktoban 2011, ya miƙe ya amsa tuhuma takwas ɗin duka, ba tare da wata yarjejeniya da gwamnati ba. Aka yi masa ɗaurin rai da rai a Fabrairun 2012. Da ya ɗaukaka ƙara ya sake tayar da batun asibitin, kotu ta ce masa a Janairun 2014 ba za ta ma duba ba, domin ya amsa laifi ba tare da sharaɗi ba. Dokar Amurka ta tanadi wata hanya ta amsa laifi bisa sharaɗin riƙe wani batu guda don ɗaukakawa, amma sai an rubuta, sai kuma kotu da gwamnati sun yarda. Bai bi ta ba. Babu mai tantama kan abin da Umar Faruk ya aikata, akwai kusan mutum 290 a jirgin. Abin lura shi ne tambayar ko halal ne a yi wa majinyaci tambayoyi a wannan hali, wadda ta shafi kowane mutum da zai faɗa hannun jami'ai bayansa, ta tafi ba tare da kotun sama ta amsa ba.

Hanya ta biyu ita ce sakin layin da ake sakawa cikin yarjejeniya, inda mutum zai sa hannu cewa ba zai ɗaukaka ƙara kan hukuncin ba, ko me ya zama. A nan ne abin ya fi damuna, saboda tsarin lokacinsa. Ana sa hannu yau, alƙali kuma sai bayan watanni zai faɗi yawan shekarun. Idan a ranar ya yi kuskuren lissafi, ko ya dogara da rahoton da ba daidai ba, mutumin ya riga ya yafe kuskuren tun kafin a yi shi. Malaman fiƙihu sun hana sayar da kifi yana cikin ruwa ko tsuntsu yana sama, domin ba a san abin da ake ciniki a kai ba, kuma wannan takarda irin wannan ciniki ce, sai dai abin da ake sayarwa shekarun rayuwar mutum ne. Dokar kotunan tarayya ta wajabta wa alƙali ya tambayi wanda ake tuhuma ko ya fahimci wannan sakin layi kafin ya karɓi amsarsa. Kusan kowa yana cewa e. Me zai ce, ga lauyansa a gefe ya riga ya gaya masa idan ya ƙi, tuhuma mai shekara ashirin tana jiransa?

Kotunan Amurka ba su bar ƙofar a garƙame ɗungurungum ba. A 2018 kotun ƙoli ta ce amsa laifi kaɗai ba ya hana mutum ƙalubalantar ita kanta dokar da aka hukunta shi da ita, idan yana ganin ta saɓa wa tsarin mulki. A Fabrairun 2019 ta yanke shari'ar Gilberto Garza na jihar Idaho, wanda ya sa hannu kan yarjejeniya biyu masu ɗauke da sarayarwa, aka ɗaure shi shekara goma, ya yi ta roƙon lauyansa ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara, lauyan ya ƙi har wa'adi ya wuce. Alƙalai shida cikin tara suka ce lauyan ya gaza, domin babu sarayarwar da ke toshe komai da komai. Ko yaushe mutum yana iya zuwa ya ce bai fahimci abin da ya sa wa hannu ba, ko tilasta masa aka yi, ko gwamnati ta karya nata alkawarin. Ƙananan tagogi ne, amma suna nan, kuma mai rai ne kawai ke iya leƙawa ta cikinsu.

Zai zama rashin adalci in nuna kamar babu alheri ko kaɗan a wannan tsari. Akwai shari'ar da ta nuna yadda ake yin sa da mutunci, kuma daga Sahel ɗinmu ta fito. Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya jagoranci Hisbar 'yan Ansaruddin a Tumbuktu, shi ya kula da rushe hubbaren waliyyai tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya a Yuni da Yulin 2012. Ranar 22 ga Agustan 2016 ya amsa laifinsa gaban kotun duniya ta manyan laifuka a Hague, ya nemi gafarar mutanen Tumbuktu. Yarjejeniyarsa da masu gabatar da ƙara ta ce za su nemi ɗaurin shekara tara zuwa goma sha ɗaya, shi kuma ba zai ɗaukaka ƙara ba muddin hukuncin bai fita daga wannan iyaka ba. Aka yanke masa shekara tara ranar 27 ga Satumba. Dubi abin da ke cikin wannan. Ya san mafi munin abin da zai iya samunsa kafin ya sa hannu. Idan alƙalai suka zarce iyakar, haƙƙinsa na nan daram. Yana da lauyoyi da suka yi watanni tare da shi, da tafinta ƙwararru. Alƙalan ba su tsaya ga bakinsa ba, sai da suka saurari shaidu suka kalli hotuna, domin dokar kotun ta ce sai hujja ta gaskata furuci. Mutanen Tumbuktu kuma sun huta da shekarun jiran da irin waɗannan shari'u ke ci. Sarayarwa irin wannan ina iya kare ta a gaban kowa. Kuma ba a kan ransa aka yi ta ba.

Faransa, wadda Cadi ta gaji tsarin kotunanta, ta shigo da nata salon amsa laifi a 2004, ta kuma yi taka-tsantsan. Ba a yin sa a kan manyan laifuka irin su kisa. Dole lauya ya kasance a wurin, ba a yarda mutum ya ce ba ya so ba. Yana iya neman kwana goma ya je ya yi tunani. Bayan alƙali ya amince ma, yana da wasu kwana goma na ɗaukaka ƙara. Alƙalin kuma yana iya ƙin amincewa, kamar yadda wata mai shari'a a Paris ta yi a Fabrairun 2021 da yarjejeniyar attajirin nan Vincent Bolloré kan zargin cin hanci a Togo, ta ce lamarin ya fi ƙarfin a rufe shi ba tare da shari'a a fili ba.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya halatta cinikin amsa laifi, ya kuma ƙare da cewa hukuncin da ya fito daga irin wannan yarjejeniya shi ne na ƙarshe, babu ɗaukaka ƙara sai idan an yi zargin zamba. Lauyoyi da dama suna ganin wannan ya ci karo da sashe na 241 na tsarin mulki, wanda ya ba da damar ɗaukaka ƙara kai tsaye daga hukuncin ƙarshe na babbar kotu. Abin da ya kamata masu murna da wannan tanadi su tuna shi ne toshe ɗaukaka ƙara ba mai laifi kaɗai yake yi wa illa ba. A Janairun 2013 John Yakubu Yusuf ya amsa laifin karkatar da biliyoyin naira na fanshon 'yan sanda, wata babbar kotu a Abuja ta ba shi zaɓin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi. Ƙasar ta ɗauki zafi. Abin da ya gyara lamarin shi ne hukumar EFCC ta ɗaukaka ƙara, a Maris ɗin 2018 aka mayar da hukuncin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9. Tsofaffin 'yan sandan da aka cinye wa guminsu, kotun sama ce ta share musu hawaye. A ɗaya gefen kuma akwai shari'un da aka fara a barikin Wawa da ke Kainji a Oktoban 2017, inda aka yanke wa ɗaruruwan waɗanda ake zargi da Boko Haram hukunci, mafi yawa bisa amsa laifi, bayan sun shafe shekaru a tsare. Wanda ya shafe shekara huɗu a ɗakin soja, idan aka ce masa amsawa ce hanyar ganin ranar fita, ba shi da zaɓi na gaskiya. Doka ɗaya ce, amma babban mutum yana zuwa teburin da manyan lauyoyi da abin da zai mayar, talaka kuma yana zuwa da gajiyarsa kawai.

Kotun ƙolin Najeriya ta taɓa yin magana mai nauyi kan batun lokaci. An zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa a jihar Oyo kan fashi da makami alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. Iyalansa suka kai ƙara, a 1986 kotun ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta umarci a biya su diyya. Ba ta ce Nasiru bai yi fashi ba. Ta ce gwamnati ba ta da ikon taɓa ransa kafin kotu ta ƙarshe ta gama magana.

Ita ma Cadi tana da shaida a tarihinta kan abin da jira ke haifarwa. Hissène Habré ya mulki ƙasar daga 1982 zuwa 1990, kuma kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutum 40,000 sun halaka a zamaninsa. A Njamena 'yan sandan asirinsa suka rufe wani tsohon wurin ninƙaya da siminti suka mayar da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kotun musamman ta Afirka a Dakar ta yi masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016. Habré bai taɓa amincewa da kotun ba, ya ƙi kare kansa a gabanta, amma lauyoyin da aka naɗa masa suka ɗaukaka ƙara. Ranar 27 ga Afrilun 2017 kotun sama ta tabbatar da ɗaurin, ta kuma soke tuhuma guda, ta fyaɗen da Khadija Hassan Zidane ta ce shi da kansa ya yi mata. Alƙalan sun ce sun gaskata shaidarta, amma batun ya zo bayan an rufe takardar tuhuma, don haka ba za a hukunta shi a kai ba. Wannan ya yi wa mutane da yawa ciwo, ni ma ya yi mini. Duk da haka, shi ya sa har Habré ya mutu a Agustan 2021 magoya bayansa ba su da bakin cewa kotun ta karɓi duk abin da aka ɗora masa ido rufe. Kotun ta kuma tsayar da diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Watanni goma sha ɗayan da aka yi ana jira ba su rage wa waɗanda aka zalunta komai ba, sai ma suka ba su hukuncin da aka gwada sau biyu.

A 2020 majalisar Cadi ta cire hukuncin kisa daga dokar ta'addanci, abin da ya kawo ƙarshensa ga kowane laifi a ƙasar. Mataki ne babba, amma ɗabi'ar kauce wa kotun sama ta sake bayyana da wata riga, wato afuwa. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022, wadda gwamnati ta ce kusan mutum 50 sun mutu a cikinta, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar kuma ta ƙirga 128, an kwashi ɗaruruwan matasa zuwa kurkukun Koro Toro, cikin hamada, kimanin kilomita 600 daga Njamena. Can aka kai kotu. Daga 29 ga Nuwamba, cikin kwana huɗu, aka yi wa mutum 401 shari'a, lauyoyi kuma sun ƙaurace saboda sun ce zaman ya saɓa wa doka. Aka ɗaure 262 shekara biyu zuwa uku, 80 suka samu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, aka sallami 59. A Maris ɗin 2023 shugaban riƙon ƙwarya Mahamat Idriss Déby ya yi wa 259 afuwa.

Uwar da ɗanta ke Koro Toro ba za ta tsaya muhawara kan bambancin afuwa da ɗaukaka ƙara ba, kuma ba ni da bakin zarginta. So take ya dawo gida. Amma a tsarin da aka gada daga Faransa afuwar shugaban ƙasa tana ɗauke zaman gidan yari ne kawai, hukuncin yana nan a rubuce da sunan mutum, kuma babu alƙalin da ya sake duba yadda aka kama shi ko abin da aka yi masa a hanyar hamada. Ɗaukaka ƙara haƙƙi ne da ake nema a gaban magatakardar kotu cikin 'yan kwanaki ƙalilan bayan hukunci, afuwa kuwa kyauta ce da ake godiya a kanta, kuma wanda ke sauraron kyauta ba ya son ya ɓata wa mai bayarwa rai da takardar ƙara. Ranar 23 ga Nuwamban 2023, bayan sulhun da aka ƙulla a Kinshasa wanda ya ba madugun adawa Succès Masra damar dawowa gida, majalisar riƙon ƙwarya ta zartar da dokar yafiya ta bai ɗaya kan duk abin da ya faru ranar 20 ga Oktoba. Dokar ta goge laifin matasan da aka ɗaure, ta kuma haɗa da jami'an tsaron da suka buɗe wuta, waɗanda ba a taɓa gurfanar da su ba.